Ciwona a Katin Malam Ya'u

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa cigiyar hulata alhali tana kaina. Ranar ce na miƙe tsaye gaban ma'aikata sun fi sittin, cikin farar shaddata mai aiki, na amsa wani laifi da ban taɓa jin mai hankali ya yi irinsa ba. Saura wata takwas in yi ritaya a lokacin.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake. Mataimakin darakta ne ni a wata hukuma da ba sai na faɗi sunanta ba, ina zaune a gidan gwamnati a Nassarawa GRA, irin tsofaffin gidajen nan masu faɗin fili da bishiyoyin da suka girme ni. Ba kuɗi nake taƙama da su ba, don babu su. Ba ilimi ba, don a ƙarƙashina akwai yaran da suka fi ni takardu. Abin taƙamata lafiya. Kullum bayan Asuba sai in zura kayan motsa jiki in zagaya layinmu ina wurga hannuwa, masu gadi suna gaishe ni, ina ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. (Zagayen bai wuce minti goma sha biyar ba, kuma a ƙarshensa akwai mai ƙosai.) In ma'aikaci ya kawo takardar neman hutun rashin lafiya, ina sa masa hannu, amma sai ya sha huɗuba tukuna.

“Ku yaran yanzu ba ku da ƙashi,” haka nake ce musu. “Ni da ka gan ni ban san hanyar asibiti ba. Ko haihuwata a gida aka yi.”

Ƙarya nake yi. Shekara shida ke nan a lokacin ina fama da hawan jini da ciwon suga.

Abin ya faro ne a shekarar da ake neman wanda za a ba kujerar mataimakin darakta, mu uku muna kai. Na fara jin jiri, ga ƙishirwa, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san yadda abin yake. Ranar da aka ji kana da ciwo, ranar za a fara yi maka sannu da wata irin murya mai laushi, idon mai sannun kuwa yana kan kujerarka. Don haka na ƙi zuwa asibitin da ma'aikatanmu suke zuwa, na sa direbana, Malam Ya'u, ya kai ni wani ƙaramin asibitin kuɗi a Giginyu. Ina isa wurin yankar kati, mai rubutun ta ɗago ta ce, “Sunanka, Baba?” Daidai lokacin na hango wata mata a kan benci mai kama da matar ɗaya daga cikin abokan takarata. (Daga baya na gane ba ita ba ce. Ko kamar kirki ba su yi ba, mayafin ne iri ɗaya.) Sai bakina ya buɗe da kansa ya ce, “Ya'u Garba.”

“Sana'a?”

“Direba.”

Ta dubi shaddar jikina, ta dubi agogona, ta rubuta abinta. Da ta tambayi shekaru na zabge goma sha uku ban ko ƙifta ido ba, tunda ai na Ya'u nake faɗa.

Shi Malam Ya'u mutumin wani ƙauye ne a bayan Gumel, yana zaune a Kawaji da matarsa da 'ya'ya bakwai. Dogo ne siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi. Tun da na san shi ko mura ba ta taɓa kwantar da shi ba. Ma'aikacin hukumar ne, ba nawa ba, an dai haɗa shi da motar ofishina. A hanyar komawa na gaya masa abin da na yi, ina kallon waje ta taga. Sai da muka wuce shataletale sannan ya ce, “To Alhaji, Allah ya ba ni lafiya.”

Daga ranar katin ya koma aljihunsa. Ni nake ganin likita, shi yake karɓo magani duk wata. Bai taɓa gaya wa kowa ba, bai kuma taɓa yi mini dariya ba, sai dai yana da yadda yake tuna mini abubuwa ba tare da fuskarsa ta motsa ba. “Alhaji, maganina ya kusa ƙarewa.” Ko kuma, “Alhaji, jibi likita ya ce in koma, sai ka shirya.” In muka je ɗaurin aure ya ga na miƙa hannu zan ɗauki lemon kwalba na biyu, sai ya matso kusa da kunnena ya ce, “Alhaji, a tausaya mini.”

Hajiya, uwar 'ya'yana, ita ce ta uku da ta sani, kuma tun ranar farko ba ta yarda da tsarin ba. In ta kawo mini tuwon alkama da miyar da gishiri ya leƙa ya koma, sai ta dire ta ce, “Ga abincin Malam Ya'u.”

Muna nan a haka sai inshorar lafiya ta zo. Hukumarmu ta ƙulla da wani kamfani, aka ce kowane ma'aikaci ya cike fom ya zaɓi asibitin da yake so. Mu da muka kusa ritaya aka ba mu wata dama daban, mu zaɓi tsarin da za mu ci gaba da shi bayan mun bar aiki, ana cire ɗan wani abu daga fansho. Tsari biyu ne. Ƙaramin na zazzaɓi ne da ciwon ciki da abin da ba a rasa ba. Babban shi ne yake ɗaukar ciwon da ake zama da shi, da maganin wata-wata, da ganin likita. Amma da sharaɗi: sai ka faɗi ciwon tun a fom, asibitinka kuma ya turo fayil ɗinka shaida. Abin da ka ɓoye babu ruwansu da shi har abada. Zaɓin sau ɗaya ake yi, in an rufe rajista an rufe.

Wa kuke tsammani aka naɗa shugaban kwamitin rajista? Ni. Wai don ni ne abin koyi a fannin lafiya.

Da farko na nemi ɓuya a bayan addini. 'Yan shekaru ne bayan an ƙaddamar da Shari'a, lokacin da duk wani sabon abu sai an tsaya an tambaya halal ne ko haram. Ni da ban taɓa tambayar hukuncin ɗan ƙarin da banki yake sa mini a asusu ba, sai ga ni na zama mai tsantseni rana tsaka. Na tare limamin masallacin ofis bayan Azahar.

“Allah gafarta Malam, wannan inshorar anya ba caca ba ce? Mutum ya biya kuɗin ciwon da bai zo ba, ina tawakkali?”

So nake ya ce haram in huta. Malam ya ce malamai sun yi magana a kai, akwai nau'in da ake ƙyama, amma irin wannan da ma'aikata suke tara kaɗan-kaɗan don a yi wa wanda ya kwanta magani, shi a fahimtarsa taimakon juna ne. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, “Kai da Allah ya hore wa lafiya ma, Alhaji, ladanka ya fi na kowa. Kai za ka riƙa bayarwa wasu suna amfana.”

Na ce haka ne, na nemi takalmina.

A falo na cike fom ɗina ranar Asabar da hantsi. Hawan jini? Babu. Ciwon suga? Babu. Ciwon ido? Babu. Na bi layin nan ina zuba babu kamar mai shukar gero, na zo ƙarshe na zaɓi ƙaramin tsari. Ashe Hajiya tana tsaye a bayan kujera tana karantawa.

“Alhaji,” ta ce, “nan da wata takwas gidan nan za a karɓe. Motar za a karɓe. Malam Ya'u ma wani za a ba. Ciwon ne kaɗai ba wanda zai karɓa, da shi za mu koma gidanmu na Gawuna. Shi ne za ka zaɓi tsarin masu zazzaɓi?”

“Hajiya, ke ba ki san siyasar ofis ba.”

“Wace siyasa ta rage wa mai wata takwas?”

Sai na ce a kawo mini ruwa. Gaskiyar magana ita ta fi ni gaskiya, kuma na sani. Kujerar da na ɓoye ciwon dominta na riga na hau ta, na ma kusa sauka. Abin da ya rage girman kai ne zalla. Fom ɗin nan ta hannun kwamiti zai bi, 'yan kwamitin kuwa babu wanda bai sha huɗubata ba. Na gwammace in yi tsufa ina sayen magani da fanshona da in ga sun haɗa ido suna murmushi.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, Malam Ya'u ma ma'aikaci ne, shi ma an ba shi fom. Ba ya karatun boko, wani akawu ne ya cike masa. Da aka tambaye shi asibitin da yake so, wane asibiti ya sani a garin Kano? Wanda yake zuwa duk wata mana, inda har masu shara suke yi masa ya jiki. Aka rubuta na Giginyu. Kamfanin ya aika a turo fayil ɗin Ya'u Garba, direba. Asibiti kuwa ya turo, mai kauri, na shekara shida cif. Duk wannan ban sani ba, ina can ina sa hannu a takardun gayyata.

Ranar Laraba aka yi tantancewa a babban zauren taro. Kamfanin ya turo wata nas, dattijuwa mai tabarau, ana ce mata Sista Rabi. Ta zo da sikeli da abin awon jini da tarin fayil. An kafa mata labule a kusurwar zauren saboda sirri. Labulen ya tare ido, amma Sista Rabi irin mutanen nan ce da in suna raɗa ana ji a bakin titi. Tare da ita a bayan labulen akwai Malam Sabo, shugaban sashen mulki, mai buga hatimi. Mutumin kirki ne, sai dai in doka ta ce a juya hagu, ko rijiya ce a hagun zai juya.

Ni na buɗe taron. Na yi niyyar minti biyar, na yi ashirin. Na ja hankalin ma'aikata su faɗi gaskiya a fom. (Ni fa!) Na ce ɓoye ciwo ba jarumta ba ce. (Wallahi na faɗa, akwai shaidu.) Na rufe da cewa ni dai alhamdu lillahi ƙaramin tsari na ɗauka, don ban ga abin da zan yi da babba ba. Aka yi tafi. Na zauna a babban tebur ina jin kaina, na buɗe robar ruwa.

Aka ce a fara da direbobi da masu gadi don su koma bakin aiki. Malam Ya'u ne na uku. Na ga ya shiga bayan labule, ban ji komai a raina ba.

“Malam Ya'u Garba? Hau sikeli.”

Shiru.

“Sauka ka sake hawa.”

Shiru kuma.

“Inna lillahi! Malam, watan jiya asibitinka ya rubuta kilo casa'in da takwas. Yanzu ga shi hamsin da shida. Ina sauran?”

Na dire robar ruwan a kan tebur. Casa'in da takwas. Na san mai wannan nauyin, da shi na zo taron.

“Haka Allah ya yi ni, Hajiya,” in ji Malam Ya'u.

“Kana shan maganinka kuwa?”

“Ina karɓowa duk wata, ban taɓa fashi ba.”

Ta auna jininsa ta ce yau kam lafiya lau, ko maganin ne yake aiki, amma wannan rama ba ta lafiya ba ce. Muka ji tana buɗe shafuka. Zauren ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai yana duba fom ɗinsa, kunnuwa kuwa duk suna kusurwa.

“Likitanka ya rubuta ba ka jin magana. Ya ce ka bar kilishi da lemon kwalba, ka ƙi. Ya ce kullum sai ka yi masa gardama, kuma da Turanci.”

Wani daga cikin direbobi ya kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce masa ya mayar da ita tari. Kowa ya san Turancin Malam Ya'u bai wuce na amsa kira ba. Ni kuwa gumi ya fara bin bayana yana gangarawa har ƙugu, ga fanka tana juyawa a kaina.

Sai muryar Sista Rabi ta sauya. “Tsaya. Nan ya rubuta idonka na hagu ya fara hazo saboda sugan. Ya ce kada ka yi tuƙi in rana ta yi sanyi. Malam, kai ba direba ba ne?”

Daga nan dariya ta ƙare. Muka ji Malam Sabo yana gyaran murya, yana cewa shi dai doka a bayyane take, mai irin wannan fayil ba zai riƙe motar hukuma ba. Ya ce Ya'u ya ba da mukulli yau, a tura batunsa sama. Babu wanda bai san ma'anar a tura sama ba. Direban da aka raba da sitiyari saboda ido, takardar sallama ce take biyo baya.

Aka ɗaga labule suka fito su uku, suka nufo babban tebur, don takardar ba ta tafiya sai shugaban kwamiti ya sa hannu. Malam Sabo ya shimfiɗa ta a gabana, ya nuna mini wurin da yatsa, har da cire wa biro murfi. Malam Ya'u bai dube ni ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro mukullin motar, ya ajiye a gabana da hannu biyu.

“Ga shi, Alhaji,” ya ce a hankali. “Tayar baya ta dama tana son iska.”

Na karɓi biron. Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, “Anya ba kuskuren asibiti ba ne?”

“Kuskuren shekara shida, ranka ya daɗe?” in ji Sista Rabi. “Likita ɗaya, rubutu ɗaya, wata bayan wata.”

Nan zan faɗi abin da ya fi komai ba ni kunya, ya fi wanda ya biyo baya. Ban yi magana nan take ba. Na zauna da biro a hannu ina lallashin kaina cewa zan sa hannu yanzu, in ya so daga baya in bi ta bayan fage in gyara. Na kuwa san ƙarya ce, takardar da ta hau sama ba ta saukowa don wani mai wata takwas ya yi waya. Na ɗora mutuncina a gefe ɗaya, abincin yara bakwai a ɗaya gefen, ina aunawa. Abin da bai kamata a auna ba ke nan, amma na auna, kuma awon ya ɗauke ni lokaci. Mutumin nan yana tsaye gabana, hannayensa a baya, yana kallon ƙasa. Kalma ɗaya zai faɗa ya tsira, ya ƙi faɗa.

Na ajiye biron. Na ce, “Nawa ne.”

“Na'am, ranka ya daɗe?” in ji Malam Sabo.

“Na ce fayil ɗin nawa ne.”

Ya jawo fayil ɗin ya duba bangon, ya juyo mini da shi don in gani da idona. “A'a, na Ya'u ne, ranka ya daɗe. Ga sunansa.”

Allah ya isa tsakanina da mai bin doka. Dole na miƙe tsaye. Na manta abin maganar da na yi jawabi da shi yana nan a kunne a gabana, don haka abin da na so mutum uku su ji, har masu gadin ƙofa sun ji ta lasifika.

“Sunan nasa ne, ciwon nawa ne! Hawan jinin nawa ne, sugan nawa ne, idon nawa ne. Kilishin ma ni nake ci. Malam Ya'u lafiyarsa ƙalau, a mayar masa da mukullinsa.”

Sista Rabi ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ɗan daɗe a tsakiya. Sannan ta gyaɗa kai.

“To yanzu magana ta fito. Bismillah, ranka ya daɗe, zo ka hau sikeli.”

Na bi ta zuwa bayan labule kamar ɗan firamare da za a yi wa allura. Na cire takalmi, na cire hula, na ajiye agogo da waya, da akwai abin da zan ƙara cirewa cikin mutunci da na cire. Na hau. Na ɗaga mata gira ina roƙonta da ido ta yi a hankali.

“Casa'in da tara!” ta faɗa. “An ma ƙara ɗaya.”

Zauren ya fashe. Masu tari suka daina wahalar da kansu. Na ji har da buga tebur, na kuma ji wata daga sashen kuɗi tana cewa a bar ta haka cikinta zai ƙulle. Na tsaya a kan sikelin nan ba takalmi ba hula, ina tunanin ko akwai wata ƙofa a bayan labulen. Babu.

Da na fito, ina tsammanin an gama da ni, sai Baba Iro, tsohon masinjan ofishina, ya tare ni da hularsa a hannu. Shi da zuciya ɗaya ya zo ya kwantar mini da hankali.

“Kada ka damu, ranka ya daɗe, ai mun daɗe da sani. Shekara biyar ke nan ba na sa maka suga a shayi, kullum kana cewa ya yi daɗi.”

Sakatariyata ta ce ita ma tana sane, shi ya sa ba ta taɓa haɗa mini taro biyu a jere ba tare da ta bar mini lokacin zagayawa ba. Wani ya ce ya sha ganina ina haɗiyar ƙwaya a mota. Malam Sabo da kansa ya ce an taɓa maganar a wurin cin abinci, aka ce a bar Alhaji da abinsa tunda ba ya so a sani. “Abin da ba mu sani ba kawai,” ya ce, “shi ne a kan Ya'u ka ɗora.” Wato shekara shida ina ɓoye abin da duk hukumar take taya ni ɓoyewa. Huɗubobin nan da nake yi, ashe haƙuri ake yi da ni kamar yadda ake yi da mara lafiya.

Sista Rabi ta miƙo mini sabon fom, ta ce rajista ba ta rufewa sai Juma'a. A gabanta na cike, duk inda na sa babu na mayar da shi akwai, na zaɓi babban tsari. Sai wata matsalar ta ɓullo. Babban tsari sai da fayil, ni kuwa a duk faɗin Kano babu asibitin da ya san ni da ko ciwon kai. Kamfanin ya ce hanya ɗaya ce, in kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa fayil ɗin Ya'u Garba nawa ne, shi kuma mai sunan ya je ya shaida.

Washegari da safe muka tafi wata kotun Shari'a, ni da shi. Muka bi layi da masu gyaran suna da masu gyaran shekaru. Da aka zo kanmu na yi bayani da muryar da ta fi raɗa kaɗan. Alƙalin, wani dattijo mai farin gemu, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ajiye alƙalaminsa ya jingina da kujera.

“Na ga masu zuwa karɓar fili,” ya ce, “na ga masu zuwa karɓar gado. Yau ne na fara ganin wanda ya zo karɓar ciwonsa.” Ya juya wajen Malam Ya'u. “Kai kuma ka yarda ka mayar masa?”

“Na yarda, Allah gafarta Malam. Dama riƙo ya ba ni.”

“Babu abin da ya lalace a hannunka?”

“Yadda ya ba ni haka yake, sai ma abin da ya ƙaru.”

Magatakarda ya sunkuyar da kai yana rubutu, kafaɗunsa suna rawa. Na rantse, aka buga hatimi, na fito da ciwona a rubuce da sunana da na mahaifina.

A hanyar komawa na ƙi zama a baya, na zauna gaba kusa da shi. Sai da muka shigo layinmu, ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, na iya buɗe baki.

“Malam Ya'u, da ban yi magana ba fa?”

“Da na tafi gida, Alhaji.”

“Shi ke nan?”

“Amana ka ba ni.” Ya rage gudu ya kauce wa wani rami. “Ina tsaye a wurin nan ina ta neman abin da zan gaya wa uwar yara, ban samo ba.”

Idona ya cika, na hagun da na daman duka. Na ce ya yafe mini, kuma ban faɗa irin ta manya ba, wadda ake faɗa ana kallon wani wuri. Na juyo na dube shi na roƙe shi.

“Na yafe tun jiya,” ya ce. Ya tsayar da motar a bakin ƙofa, ya ja birki, bai kashe ba. “Sai dai Alhaji, biron nan ya daɗe a hannunka. Ni a wurina kamar an yi Azahar an yi La'asar.”

Har yau in na tuna Larabar nan, dariyar zauren ba ta damuna, ni ma ina taya su. Wannan maganar ce take zama mini a ƙirji.

Na yi ritaya lafiya, muka koma Gawuna. Inshorar tana ɗaukar maganina duk wata, an kuma yi mini aikin ido kafin hazon ya yi nisa. Malam Ya'u ya ci gaba da tuƙinsa har nasa lokacin ya yi. Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, kowane yaro ya san shi, ni ne sai da na kusa sittin: in za ka ɓoye abu, ka tabbata a aljihunka ka ɓoye shi, ba a na wanda bai isa ya ce maka a'a ba. Yanzu kuwa na tuba, har tuban ya so ya yi yawa. Duk wanda ya tare ni ya ce, “Alhaji, ya jiki?” sai ya nemi wurin zama, don daga kai nake farowa in gangaro. 'Yan unguwarmu sun fara gaishe ni daga tsallaken titi.